Kuɗi a hannu na kanti mai gilashi, bashi kuma na maƙwabci



Duk lokacin da muka buɗe layi a rediyo kan tsadar rayuwa, kafin a kai kira na uku sai an kai ga mai shagon unguwa. Wannan ya ce ya ƙara dala 5 kan sukari, wancan ya ce man da yake aunawa ya ragu, wata ta ce ya hana ɗanta bashi gaban mutane. Ba mu ce ƙarya suke ba. Amma har yanzu kunnenmu na jiran ranar da wani zai kira ya ce: jama'a, ni kam akwai jika 12 na mai shagonmu a kaina tun kafin Sallar layya, kuma kullum ta bayan gida nake zagayawa don kada mu haɗa ido. Wanga kira bai taɓa shigowa ba, alhali kowa ya san masu irin wannan hali sun fi masu ƙorafi yawa.

Shagon da muke magana a kai kowa ya san shi. Ɗaki ne guda da aka fasa wa ƙofa ta waje, ko kwantena, ko rumfar kwano, da benci a gaba, da fitila da ba ta mutuwa sai sha biyun dare. Akwai su a Bagalam da Mokoyo da Zariya a Maraɗi, akwai su a Birni da Zango da Garin Malam a Damagaram, akwai su a Bukoki da Talaje da Lazare a Yamai. Waɗansu sun girmi masu sayayya a cikinsu. Yaron da aka taɓa aikowa da dala 2 ya sayi alawa, yau shi ke aiko nasa ɗiya. Mai shagon ya ga zanen sunansa, ya ga aurensa, ya san ranar da ya samu aiki, ya kuma san ranar da aka sallame shi, don ranar ce aka fara cewa "a rubuta".

To, wannan "a rubuta" ita ce maganarmu ta yau.

A kowane tsohon shago akwai kaye guda, irin na ƴan lakwal, bangonsa ya sha mai da ƙura, an ɗaure masa bik da zare. Kowane gida da shafinsa. Wani mai shagon da boko yake rubutu, wani da ajami, wani ma zane-zane ne kawai da shi kaɗai ya san fassararsu. A ganinmu babu bankin da ya taɓa yi wa talakan ƙasar nan aikin da wannan kaye ya yi masa. Ba a tambayarka takardar albashi, ba a tambayarka takardar fili, ba a sa maka ruwa ko na dala ɗaya. Malamin makaranta ɗan kwantaragi da kuɗinsa suka yi jinkiri, da wannan kaye ya ci tuwo. Matar da mijinta ya tafi Abijan ko Libiya ko Aljeriya, da shi take riƙe gida har ranar da saƙo zai faɗo ta Nita ko Al Izza. Mutanen Tawa ba sai an yi musu bayani ba, akwai unguwannin da rabin mazansu na waje, kuma tsakanin aike da aike mai shago ne uban gidan. Lebura da mafi ƙarancin albashinsa a doka bai wuce jika 42 ba a wata, ku gaya muna yadda zai kai ranar 30 in ba da wanga kaye ba.

Ga kuma wani aikin da ba a lissafa masa. Babban ɗan kasuwa buhu yake sayarwa, katan yake sayarwa. Mai shago shi ke zama ya farke buhun nan ya mai da shi daidai aljihun mutane: sukari na dala 5, madarar gari na dala 10, mai a ƙulle cikin leda, tumatirin gwangwani da cokali, Maggi ƙwaya ɗaya, Omo ƙulli ɗaya. Mai wayon lissafi zai ce in ka tara ƙulle-ƙullen nan sun fi sari tsada. Gaskiya ne. Sai dai wanda ya wayi gari da dala 50 a hannu, yana da baki shida a gida, ba ya da hanyar zuwa sari. In babu mai ƙullawa, ranar ba a ɗora tukunya.

Yanzu ku duba abin da ke faruwa in wata ya mutu. Albashi ya shigo, ko aike ya iso. Sai maigida ya hau babur ko ya tari adaidaita, ya wuce shagon da ya ciyar da shi kwana 20, ya nufi babbar kasuwa ko sabon kantin nan na bakin kwalta mai ƙofar gilashi da na'urar sanyaya wuri. Can zai sauke kuɗi lakadan: buhun shinkafa, jarkar mai, katan ɗin taliya, ba ko neman ragi. Ya dawo da kaya niƙi-niƙi ya wuce ta gaban benci, mai shago na kallo, ya ɗaga masa hannu. In ya yi kirki ya aiko yaro da jika 2 cikin jika 10 da ake bin sa, a ce "in ji baba a rage". Zuwa ranar 15 kaya sun ƙare, aljihu ya bushe, sai ga yaron nan kuma da kwano: in ji mama a ba da shinkafa tiya ɗaya, a rubuta.

Ke nan cinikin da ke da riba ya tafi ga wanda bai san sunanka ba, wahalar kuma ta rage ga maƙwabci.

Mu yi lissafi na misali, don a gane yadda shago ke mutuwa ba tare da gobara ko ɓarawo ba. A ce jarin mutum duka-duka jika 500 ne. A ce gida 30 ke da shafi a kayensa, kowane gida jika 5 kacal, abin da kowa zai ce ai ba wani abu ba ne. Jika 150 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin uku na jarinsa, suna kwance a cikin cikkunan mutane. Shi kuwa in ya je wajen mai sari, ko dai ya biya nan take, ko a ba shi kwanaki ƙalilan. Da abin da ya rage zai sayo kaya, don haka zai sayo kaɗan, kuma mai sayen kaɗan ba ya samun farashin mai sayen da yawa. Ya biya amalanke ko adaidaita, ya biya haya, ya biya wuta, ya biya patanti da tikitin ma'aikatar magajin gari. Sati mai zuwa ka zo neman sabulu babu, ka zo neman batir babu. Sai ka fita kana cewa shagon nan ya lalace, ba ya da komi. Yo ina kayan za su fito? Suna cikin shafinka.

Haka ake gani, kanta na raguwa layi-layi. Farko ya cika gurbin da katan-katan marasa komi don kada a gane. Daga baya firigo ya tsaya ba a gyara ba. Wata rana a ga ƙofa rufe, a ce ya tafi ƙauye noma, ko ya bi ƴan Jado neman zinariya. Bayan wata uku wani ya kama wurin ya buɗe wajen cajin waya.

Abin da ya sa wanga al'amari ke ci muna rai shi ne, mutanen nan sun haye ruwan da ya fi wannan zurfi. Dattawan cikinsu sun ga watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsalle cikin kwanaki. Sun ga shekarar 2005 da tsadar hatsinta. Na Maraɗi da Ƙonni da Magarya da Matamai, waɗanda kusan duk abin da ke kan kantarsu daga Kano da Katsina da Sakkwato yake fitowa, sun ga rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Sun sha hawa da saukar naira, ka sayo kaya yau gobe canji ya juya maka baya. Sai kuma ta baya-bayan nan da kowa ke tune da ita: bayan 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta sa muna takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya da ta Benin, Najeriya ta yanke wuta, kuɗi suka yi wuyar fita daga banki, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina cikin rakiyar soja. Har 24 ga Fabrairun 2024 kafin a ɗage. A watannin nan, wa ya riƙe unguwa? Ma'aikaci da kuɗinsa na banki amma ba ya iya fitar da su, ina ya dosa da yamma? Madara ta lalace wa masu shago a firigo saboda rashin wuta, farashin sari na canzawa tsakanin safe da la'asar, duk da haka da yawansu ba su rufe kaye ba. Shagon da takunkumi bai kashe ba, a ce jika biyar-biyar ɗin maƙwabta ne za su kashe shi, abin da kunya.

Kuma kada a ɗauka ƙaramar sana'a ce da ba ta da asali. Zamanin gyaɗa, lokacin da kantunan Turawa irin su CFAO da SCOA ke riƙe da ciniki, ƴan ƙasa ta ƙananan teburori da rumfuna suka fara, suna yi wa wani uban gida barantaka, ya ba su kaya bisa amana, su sayar su kawo. Ta wannan hanya aka samu Alhazan Maraɗi da sunansu ya kai ko'ina, har wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986. Duk ginin nan bisa abu ɗaya ya tsaya: an ba ka, ka mayar. Yaron shago ya yi shekaru yana auna sukari, maigida ya ga riƙonsa, ya yaye shi da ɗan jari, shi ma ya buɗe nasa. Makaranta ce da ba ta ba da diploma, amma ta fitar da mutane da yawa daga zaman fada. Yau ɗan mai shago da ya tashi yana ganin ubansa na bin gidaje yana roƙon haƙƙinsa, ana ce masa "ba ya nan" alhali ga takalminsa a ƙofa, me zai sa ya gaji wannan sana'a? Gara masa kabu-kabu, ko ba komi in ya sauke ka nan take za ka biya.

Ba muna faɗa da sababbin kantuna ba ne, a fahimce mu. Suna da tsabta, an rubuta farashi jikin kaya, sun ɗauki matasa aiki, kuma mai kuɗinsa yana da ikon kai su inda ya ga dama. Haka ƴan matan da ke tallar kaya ta WhatsApp, Allah ya ba su kasuwa. Amma ka gwada shiga kanti mai gilashi ƙarfe 11 na dare ka ce yaro ba lafiya, a ba ka sukari da madara zuwa jibi. Ka gwada barin makullin gidanka wajensu ka ce in ɗiyana sun taso lakwal a ba su. Baƙon da ya sauka tasha yana neman gidanka, a garuruwan da yawancin tituna ba wanda ya san sunansu balle lambar gida, kwatancen da za ka yi masa ɗaya ne: ka tsaya shagon kwana ka tambaya. Yaro ya ɓata, can ake kai shi. An yi rasuwa, can ake fara jin labari, kuma shi ke ba da aron benci. Fitilarsa ce ke sa mace ta iya ratsa lungu bayan isha'i hankali kwance. Ba a biyan shi ko ɗaya cikin waɗannan.

Su ma masu shago, tunda mun ɗauki faɗansu, sai su ji nasu. Akwai waɗanda da an ga watan azumi sai sukari da mai su hau, alhali tsohon kaya ne da suka saya da tsohon farashi. Akwai masu ɓoye kaya in sun ji ƙishin-ƙishin za a yi tsada. Akwai masu barin gwangwanin da kwanansa ya wuce a kan kanta, sun san yawancin masu saye ba su duba kwanan wata. Akwai masu ajiye maganin ciwon kai da na mura cikin zafin kwano, suna ba mutane kamar su ne likita, wannan kam ba aikinku ba ne, ku bar wa farmasi. Ga batun canji: kullum babu dala 5, sai a miƙo maka alawa biyu. Mun san ƙananan kuɗi na wuya a ƙasar nan, amma in kai ka yarda ka ba da alawa a madadin kuɗi, ranar da yaro ya kawo maka alawa biyu ya ce a ba shi ashana, sai ka karɓa. Mafi muni kuma shi ne tozarta yaron da aka aiko. Uban ne ya ci bashi, ba yaron ba. Ka ce masa a hankali ya turo babansa, kada ka buɗe kaye kana karanta wa ƴan benci.

Kuma dan Allah ku riƙa rubutu a fili. Rabin rigimar bashi daga "ni ban ɗauki wannan ba" take tasowa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba rashin yarda ba ne, umarni ne. A yi kaye biyu, ƙarami a gidan mai ɗauka, babba a shago, duk abin da aka ɗauka a rubuta a duka biyun da kwanan wata. A yanka wa kowane gida iyaka tun farko, a gaya wa maigida baki da baki. Wanda ya ji haushin iyaka, da ma ba mai niyyar biya ba ne.

Sai hukuma. Mutanen Yamai ba su manta 2016 ba, lokacin da aka bi manyan hanyoyi ana rushe shaguna da rumfuna don gyaran gari. Bukukuwan 18 ga Disamba ma, Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018, sun kawo kwalta da fitilu da gine-gine, ba mai musun haka, kuma ba mai cewa a bar mutane su toshe hanya ko su gina bisa magudanar ruwa, ballantana bayan ambaliyar da muka gani a 2024. Amma mutumin da aka yi shekara da shekaru ana karɓar harajinsa ana ba shi rasit, bai kamata a wayi gari a ce ba a san da zamansa ba. In za a tashe shi, a ba shi wa'adi na gaskiya, a nuna masa wani wuri cikin unguwar, ba bayan gari ba. Jarin mai shagon unguwa ba kayan kanta ba ne kaɗai, mutanen da suka san shi ne. Ka kai shi kilomita 7, ka raba shi da masu saye, ka kuma raba shi da masu bashinsa, waɗanda da ma neman hanyar ɓacewa suke. Haka wajen haraji, a bambanta mai ƙulla sukari na dala 5 da mai sauke kwantena daga Lome. Masu unguwa sun san kowa, a riƙa tambayarsu kafin a yanka.

Amma mu koma kanmu, don ba magajin gari ne ya ci shinkafar ba. Abin da muke roƙo ba sadaka ba ce, ba kuma gangami da riguna masu rubutu ba. In kuɗi sun shigo, a fara da kaye kafin a hau babur. In ba za a iya sharewa duka ba, maigida ya taka da ƙafarsa, ya zauna bisa bencin nan, ya ce Alhaji ga abin da ya samu, saura ranar kaza. Ba ka san yadda wannan magana ke kwantar wa mai shago da hankali ba, don da ita zai je ya yi wa mai sari alkawari. Sannan cikin cefanen wata, a bar masa rabonsa na kuɗi a hannu. In buhun shinkafa kake so, gaya masa tun da wuri ya sayo maka, ko da zai ɗora dala 50 a kai, ai ba ta kai kuɗin adaidaitar da za ka biya zuwa kasuwa da dawowa ba. Masu biki da suna, lemo da ruwan leda da sukarin da za ku saya da yawa, ku tuna da shi. Ƴan fada masu shayi sau uku a rana, ku ma shafinku na nan, kuma an ce ya fi na kowa tsawo.

Ƴan uwa na waje, in za ku yi aike, ku tambayi gida nawa mai shago ke bi, ku ware nasa daban, ko ku tura masa kai tsaye tunda yanzu kowa na da lamba. Mata da yawa na jin nauyin faɗa wa miji yawan bashin, sai su rage, saura ya yi ta taruwa.

Akwai kuma wani abu da muke gani wajen jana'iza. In mutum ya rasu, kafin a sallace shi ko wajen zaman makoki, sai wani daga dangi ya miƙe ya ce duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa. Madalla, haka addini ya koyar. Amma in mai shago ne ya rasu, ba safai ake jin wanda ya miƙe ya ce ni mamaci na bi na ba. Sai a bar matarsa da marayu da kaye a hannu, rubutun da ba su iya karantawa, sunaye irin "mai babur" da "gidan kwana" da "malam na masallaci". Ta aika yaro, a ce an biya tun yana da rai. Ba ta da shaida, ba ta da ƙarfin zuwa gaban alƙali, kuma gobe da mutanen nan za ta haɗu wajen famfo. Cikin kwana 40 an cinye abin da ya rage a kanta, shago ya rufe.

Muna roƙon limamai da masu unguwa, ranar da irin wannan rasuwa ta faru, a yi sanarwar ta fuska biyu. A ce mai bin sa ya zo, wanda yake bi ma ya zo. A samu dattawa biyu da wani mai karatu su zauna da iyalin, a buɗe kayen shafi-shafi tun kafin a watse daga sadakar uku, a bi gidajen da sunan unguwa, kada a bar wa marainiya ƴar shekara 12 wannan aiki.